Godiya ga waɗanda suka shayar da gidanmu kwana tara

Assalamu alaikum. Jiya bayan La'asar ruwa ya dawo famfunan gidanmu, bayan kwana tara muna auna shi da kofi. Alhamdulillahi. Mutanen da suka tsaya mana sun fi ƙarfin godiyar bakin ƙofa, shi ya sa na kawo ta nan.

Ga waɗanda ba su ji ba, bututun da ke sauko da ruwa daga tanki ne ya tsage a ƙarƙashin simintin tsakar gida. Mun daɗe muna ganin danshi a gindin bangon ɗakin yara, muna cewa sanyin ƙasa ne. A watan Afrilu, a Kano! Sai da tanki mai lita 2,000 ya riƙa wayewa gari fayau ba wanda ya taɓa famfo, sannan muka farga. Kafin nan, garin cika tankin da ba ya cika, injin burtsatsen ya ƙone. Ga rashin ruwa, ga zafin da ko zama a inuwa sai ka jiƙe riga.

Mai gyaran farko ya karɓi kuɗin kaya, ya farfasa inda ba nan ba ne, ya kashe waya. Ba zan kama suna ba, na bar shi da Allah.

Godiya ta farko ga maƙwabcina na jikin katanga. Ban roƙa ba. Ƙarar guduma ya ji ya leƙo, da dare sai ga tiyo ya sauko ta kan katanga. Duk lokacin da aka kawo wuta, ko ƙarfe 2 na dare ne, zai ƙwanƙwasa ya ce a tara duro. Ranar da wuta ta ƙi zuwa ya tada janareto dominmu. Na kai masa kuɗin mai, ya ce, "Haba Malam, ruwa fa? So kake ka hana ni lada?"

Sai yaron nan mai garuwa da ke turo kura bayan Asuba. Ya ga muna cikin matsi, bai ƙara ko sisi a kan jarka ba, har bashi ya ba mu sau biyu. Da na gwada ɗaga jarka mai lita 25 daga zaure zuwa madafa na san kuɗin da muke ba su bai kai wahalarsu ba.

Amma wadda ta riƙe gidan da gaske Inna ce, mahaifiyata. Ta taso a inda ake tafiya mai nisa kafin a ɗebo tulu ɗaya, saboda haka rana ta biyu ta karɓe mulki. Ta sa aka daina jan ruwan masai, don ja ɗaya yakan kwashe lita 6 zuwa 9. Yara a cikin baho suke tsayawa a yi musu wanka, ruwan da ya taru a kai banɗaki. Ruwan ɗaurayar wanki shi ne na goge ɗaki. Na wanke shinkafa na akuya ne. Kwanuka kuwa sai an suɗe su da toka da ɗan tsumma kafin su ga ruwa. Ta kama ni da cikakken bokiti zan shiga wanka, ta ce, "Kai, rage rabi. Raƙumi za ka wanke?" Na rage, kuma wallahi na fita tas. Uwargida ma ta sha aiki ba ƙorafi, ga girki ga goyo. Allah Ya saka miki, Maman yara.

Na gode wa limamin masallacinmu. Da na yi masa kukan alwala, ya tuna mini cewa Manzon Allah (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, wanka kuma da sa'i. Na ji kunya, ni da nake sakin famfo har in gama wanke ƙafa. Yanzu rabin buta na isata, har da saura.

Mai gyara na biyu dattijo ne, ba shi da yawan magana. Ya zagaya tsakar gida yana bubbuga siminti da ƙotar guduma, ya dubi darbejiyar da ke bakin katanga, ya ce a tona nan. Saiwa ce ta danne bututun har ya tsage. Shi ya raka ni kasuwar Ƙofar Ruwa, ya hana ni sayen bututu mai arha, ya zaɓi mai kauri da gam mai kyau, kuma sai da ya bar gam ɗin ya kama sosai kafin ya yarda a saki ruwa. Wannan karon ta jikin bango ya bi da shi, inda ido zai gani. Shi ne kuma ya haɗa ni da wanda ya gyara injin.

Allah Ya shayar da ku duka daga Alkausara, Ya jiƙan magabatanku.

An mayar da tiyo da shuɗin duro. Saura jarka biyu rawaya da bokitin ƙarfe ɗaya mai lanƙwasasshen hannu, mun rasa daga gidan da suka fito. Suna zaure, mai su ya aiko yaro.