Firem ɗin Alhaji da abin da na koya kan fitar da hoto

Shekara shida kenan ina ɗaukar hoton biki da suna a nan Sakkwato, kuma tun da na fara a laftof nake gyara, da manhajar da ake sakawa a kwamfuta. To watan Afrilun bara, lokacin da zafin garin nan yake wuce digiri 40, laftof ɗin ta fara ɗaukar zafi tana kashe kanta har dai ta mutu gaba ɗaya, ga aikin biki uku a hannuna. Wani ƙanena ya ce in koma irin manhajar da ake aiki da ita ta kilawud, hotunanka na can a intanet kana gyarawa a waya ko duk kwamfutar da ka samu. Na biya kuɗin wata na shiga.

Gaskiya satin farko daɗi na ji ƙwarai. Ina zaune a shagon abokina a Mabera ina gyaran hasken fuskar amarya a waya, in na koma gida Arkilla na ari kwamfutar maƙwabci in tarar da gyaran yana nan yadda na bar shi. Wajen gyaran kala da haske ban ga wani bambanci ba sam, kusan duk abin da na saba taɓawa yana nan. Matsalar sai da na zo fitar da hotunan.

Wanda bai yi aikin ba zai ɗauka in ka gama gyara ka gama, a'a wallahi. Hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ta ɗauka, ba shi ake ba mutane ba, sai ka fitar da shi, kuma a wurin fitarwar ne ake yanke girmansa, nauyinsa, irin kalar da zai ɗauka da sunan da zai fita da shi. A ta kwamfuta ina da saiti guda biyar da na ajiye tun tuni, ɗaya na wankin albam, ɗaya na babban firem, ɗaya na Facebook da tambarina a gefe, ɗaya na WhatsApp, ɗaya na fasfo. Dannawa ɗaya ce. Na daɗe da manta lambobin da ke ciki ma, don hannuna ya saba.

A ta kilawud da na danna fitarwa sai ga zaɓi ɗan kaɗan, ƙarami ko cikakke, sai wani wuri da za ka shiga ka sa naka. Ina sauri, data na ta ƙarewa, na zaɓi ƙaramin don shi ne ya fi saurin fita, na tura wa mai wankin hoto. Cikinsu akwai wanda Alhaji uban ango ya ce a yi masa firem inci 20 da 30, shi da ɗansa cikin manyan riguna, zai rataye a falo.

Da la'asar mai wankin ya kira ni, dattijo ne ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ce ɗan samari mi ka turo min haka, wanga hoto in anka buɗe shi hwashewa za shi yi. Na ce Baba ai a wayata garau yake. Ya ce to zo ka gani da idonka. Na hau kabu-kabu na je, ya buɗe shi a babban allo, aikin wuyan rigar nan da aka yi wata da watanni ana ɗinkawa duk ya caɓe, ba ka bambance zare da zare. Allah ya taimake ni bai wanke ba, da takarda da firem duk a kaina za su hau.

Nan ya zauna ya yi min lissafin da ya kamata a ce ni na yi. Ƙaramin zaɓin nan fiksel 2048 ne a dogon gefe (fiksel su ne 'yan ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto), ka raba shi da inci 30 bai kai 70 a kowane inci ba. Kyamarata megafiksel 24 ce, wato 6000 da 4000, in na fitar da cikakke zan samu 200 a inci, wanda ya isa ga firem da ake kallo daga nesa. Shi kuwa albam da ake riƙewa a hannu 300 ake so, shafin inci 12 da 18 yana buƙatar 3600 da 5400. Wato da hannuna na zubar da kusan kashi tara cikin goma na hoton ban sani ba.

Na ce to bari in sake fitarwa yanzu-yanzu. Nan kuma wata ta ɓullo, ashe abin da ke wayar ƙaramin kwafi ne na aiki, asalin hoton yana can sama, sai ta sauko da shi kafin ta ba ni cikakke. Kowane RAW nawa wajen MB 25 ne, hoto 400 kenan GB 10, kuma na riga na kashe irin wannan datar wajen ɗora su. Ranar sabis rarrafe yake, guda ɗaya na firem kawai na samu na sauko da shi kafin magariba, sauran sai tsakar dare.

Sai maganar kala, ita ce ta fi min ciwo don ita ban da yadda zan yi da ita. Zaɓin sRGB da AdobeRGB, wato tsarin kala iri biyu da hoto ke iya fita da su, yana nan, wannan kam ba laifi, kuma na san injin Baba sRGB yake so, in ka ba shi ɗayan jan leshi da lallen amarya su fito a koɗe. Amma a ta kwamfuta ina iya saka furofayil ɗin injin wanki, wato bayanin yadda injin ke fitar da kala, in duba a allo yadda jan zai zauna a takarda tun kafin a wanke, a wannan ban samu wurin ba, sai dai mu wanke ƙarami na gwaji mu duba a hasken rana a ƙofar shago. Sau uku munka yi haka kafin jan ya zauna.

Haka ɗalibai masu zuwa ɗaukar fasfo na cike fom, wani fom ɗin ya ce kar hoto ya wuce KB 50. A da rubuta lambar kawai nake a akwati manhaja ta matse shi da kanta, yanzu sai in rage inganci in fitar in duba nauyi, in sake ragewa, yaro na tsaye yana jira. Kuma ba wurin ajiye saitin da suna, na ƙarshe kawai take tunawa, in na fitar da na Facebook da tambari sannan na juya kan na albam dole in tuna in cire tambarin, sau ɗaya na manta sunan shagona ya hau kan hoto 30 na albam ɗin mutane, sai da na sake fitarwa.

Ban bar ta kilawud ba fa, kar a fahimce ni ba daidai ba. Ranar ɗaurin aure kafin a watse nake tura wa ango hoto goma gyararru ya sa a sitatus, kuma wannan ya jawo min aiki sosai. Amma bayan wata biyu na haɗa kuɗi na sayi laftof ta hannu, duk abin da zai hau takarda a can nake fitar da shi, kuma in zan tura wa Baba ta WhatsApp a matsayin dokumen nake turawa don kar a matse shi a hanya, in suna da yawa in kai a filas. Lambobin nan kuma na rubuta su a kwali na manna a bangon shago, 2048 na waya, 5400 na albam, 6000 na firem.

Firem ɗin Alhaji ya fita bayan kwana biyu da alkawari. Da na kai masa sai da ya sa tabarau ya matso da fuskarsa kusa da gilashin yana bin aikin rigar da yatsa, sannan ya ce a kira yara su nemo ƙusa.