Inda barewa ta fi ƙarfin daji: tafiyata tsaunukan Sikotilan

Ƙanena da ke karatu a Edinbara ne ya ja ni arewacin Sikotilan cikin watan Oktoba. Jirgin ƙasa muka hau zuwa Kingussie, wani ɗan gari a gandun Cairngorms. Tikiti tsada ba a magana. Da na tambayi mai sayarwa ko akwai ragi, ko ɗago kai bai yi ba, sai ya nuna mini allo da bakin biro. A tashar garinmu ko ba a rage maka ko kwabo ba, ai a amsa gaisuwarka.

Mai masaukinmu dattijo ne, aikinsa kula da namun dawa a filin wani attajiri. Da asuba ya hau da mu kan tudu, ya miƙo mini tabarau mai hangen nesa. Sai ga garken jajayen barewa suna kiwo hankali kwance, wani ƙaton namiji mai ƙaho reshe-reshe yana ta ruri, don lokacin barbara ne. Ni da sai na je Yankari nake ganin naman daji da rai, na ce masa lallai Allah ya yi musu arziki. Ya girgiza kai, ya ce arzikin ne ya yi musu yawa. Kyarkeci ya ƙare a ƙasar tun ɗaruruwan shekaru, yanzu ba mai rage barewa sai bindiga, kuma gwamnati na ƙiyasta yawan barewa iri-iri a ƙasar ya kusa miliyan 1.

Ya tsuguna cikin ciyawa ya nuna mini wani tsiron itace da bai wuce tsawon taƙi ba, an gatse kansa. Ya ce wannan ya shekara da shekaru yana son tashi, duk toho sai a cinye. Daga nan ya kai mu kwarin Glen Feshie, inda aka rage barewa sosai tun daga 2004. Can kam ƙananan itatuwa sun rufe gangare, ba wanda ya dasa su, ba shinge.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne taron masu filaye kan barewa, da dattijon ya bar mu muka zauna a kujerun baya. A dokarsu barewa mai rai ba ta kowa ba ce, amma ikon harbi na mai fili ne, ita kuwa ba ruwanta da iyaka. Shi ya sa maƙwabta ke haɗa ƙungiya don raɗin kansu, kuma tun 1992 suna da uwar ƙungiya ta ƙasa. Da hunturu suke ƙidaya, a ƙafa ko da jirgi mai saukar ungulu, sannan a zauna a raba: wane zai harbi mata kaza, wane kaza. NatureScot, hukumar gwamnati mai kula da daji da namun dawa, tana ba da shawara, in an yi sakaci kuma dokar barewa ta 1996 ta ba ta ikon sa baki.

Kada a ɗauka zaman lumana ne zalla. Wannan yana son mazan barewa su yi yawa don baƙin da ke biyan kuɗi su yi farauta, wancan itatuwa yake so, mai tumaki kuma ciyawarsa yake wa kuka. An ɗaga murya, amma ba a tashi ba sai da aka rubuta adadi. Abin da bai yi mini ba, masu manyan filaye da ma'aikatansu ne suka cika kujerun, ƙaramin manomi bai samu bakin magana sosai ba.

Ina zaune ina tuna mafarautanmu. Suna da sarkinsu, suna da ladabi, sun san dawa ciki da bai. Amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce a ƙirga abin da ya rage, a bar mai ciki, a daina cinna wa daji wuta da rani saboda gafiya. Da za a tallafa musu su yi irin wannan zama, ni na tabbata za su iya.

Naman dai ban ci ba, tunda ba yanka aka yi ba. Uwargidan ba ta ji haushi ba ko kaɗan, ta gasa mini kifi da dankali, ta ƙi karɓar ko sisi. A gidan abinci kuwa na ga faranti guda na naman, in ka juya kuɗin naira ya isa sayen ɗan akuya.

Mun leƙa birnin Inbanes da tafkin Ness, ruwan sama bai bar mu mun ga abin kirki ba. Washegari muka komo Edinbara, na fara haɗa kaya.