Na faɗi jarrabawar hasumiya saboda ban saurara ba

Da rana ni ma'ajin kaya ne a wani sito da ke kudancin Jidda, ina ƙirga katan-katan ina cike takardu. Bayan sallar isha'i kuwa, idan yara sun kwanta, sai in ja kujera gaban kwamfuta, in sa abin ji a kunne, in buɗe EuroScope, manhajar masu kula da jirage, in shiga da sunan hasumiyar filin jirgin Sarki Abdul'aziz. Jiragen da nake ba umarni ba ƙarfe ba ne, hoto ne a allo. Amma kowanne akwai mutum mai rai a bayansa, wani a Alƙahira, wani a Jamus, wani a Jakarta, yana zaune a ɗakinsa yana tuƙi a Microsoft Flight Simulator ko X-Plane, yana jiran muryata kafin ya motsa.

Dandalin sunansa VATSIM, an kafa shi a 2001. Akwai takwaransa IVAO da ya girme shi, na 1998. Duka biyun kyauta ne, ba wanda ake biya ko sisi, daga mai koyarwa har mai jarrabawa. Ni na yi rajista a 2020, lokacin kullen korona, da tunanin cewa daren farko zan fara saukar da jirage. Ashe sabon shiga ɗan kallo ne kawai. Za ka ji komai, za ka ga komai, amma ba ka da ikon cewa uffan ga matuƙi. Sai ka nemi reshen yankinka, wanda a wajenmu yana ƙarƙashin sashen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, ka karanta littattafansu, ka rubuta jarrabawar karatu, sannan ka shiga layin jiran malami. Na yi watanni a layin nan. Ban ga laifin kowa ba, don malaman su ma ma'aikata ne da ɗalibai, lokacin barcinsu suke yankowa su ba mu.

Matakan a jere suke. S1 shi ne na ƙasa: kai ke karanta wa matuƙi izinin tafiyarsa, ka ba shi lambar shaida mai alƙaluma 4 da za ta nuna shi a radar, ka tura shi baya daga ƙofa, ka bi da shi layi-layi har bakin titin tashi. S2 hasumiya, mai titin tashi da sauka. S3 shi ke jera masu shigowa da radar kamar mai jera carbi, sai C1 mai riƙe da sararin sama gaba ɗaya. Kafin a sake ka da mutane, malami zai kai ka wani keɓantaccen wuri da ake kira Sweatbox, wato akwatin gumi, kuma sunan ya dace. A can shi ne dukkan matuƙan. Zai zubo maka jirgi biyu, idan ya ga ka sake jiki ya ƙaro shida, ya sa ɗaya ya yi kuskure da gangan ya ga ko za ka kama.

Malamina na farko saurayi ne da na girme shi da fiye da shekara goma, ban taɓa ganin fuskarsa ba har yau. Abin da ya fara hana ni shi ne surutu. Mu Hausawa ba ma shiga magana sai da gaisuwa, kuma Larabcin da muka tashi da shi a nan ma haka yake. A rediyon jirgi babu wannan. Sunan jirgi, umarni, shiru. Turancin ma ba na hira ba ne, kalmomi ne ƙirgaggu, kowace da ma'ana ɗaya tak. Kalmar tashi, alal misali, ba a furta ta sai a daidai lokacin da ake ba da izinin tashin ko soke shi. Wannan doka da rayuka aka saye ta: a ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titi a tsibirin Tenerife cikin hazo, mutum 583 suka rasu, kuma ruɗanin kalmomi a rediyo na cikin musabbabin.

Sauran abubuwan hadda ce, kuma wanda ya yi makarantar allo hadda ba ta ba shi tsoro. Jidda tituna uku ne a jere, 34 na hagu, na tsakiya da na dama, idan iska ta juya su koma 16. A Saudiyya jirgi na barin ma'aunin iskar gari ya koma ma'aunin bai-ɗaya na 1013 idan ya wuce ƙafa 13,000. Matsakaicin jirgi ba ya tashi bayan babba sai an ba shi minti 2, saboda guguwar da fukafukan babban ke bari a baya. Lambar shaida 7600 na nufin rediyo ya mutu, 7700 gaggawa, ita kuwa 7500 ta fashin jirgi haramun ce a dandalin, ko da wasa. Duk na haddace su a wata ɗaya, ina bita a motar zuwa aiki.

Abin da hadda ba ta ba ni shi ne kunne.

Jarrabawar S2 a fili ake yin ta, da matuƙa na gaske. Ana sanar da rana, mutane su cika filin don su taya ka da cinkoso, mai jarrabawa yana gefe yana ji bai ce komai. Minti arba'in na farko komai lafiya lau. Sai ga jirage biyu a bakin titin 34 na hagu, a mashiga daban-daban, ɗaya Saudia 1021, ɗaya Saudia 1201. Na ba 1021 izinin tashi, don shi ne a gaba kuma na lissafa zai bar ƙasa kafin mai saukowa ya iso. Murya ta maimaita umarnin tsaf. Ni kuwa idona na kan mai saukowar, hannuna na kan linzamin kwamfuta ina gyara wata takardar jirgi, kunnena ya ji an maimaita, zuciyata ta ce shi ke nan. Wanda ya amsa ɗin 1201 ne. Sunansa ya faɗa ƙarara, ban ji ba. Kafin in ɗago ido dukansu biyu sun hau titin. Na tsayar da su, na kori mai saukowa ya sake zagayowa, babu wanda ya taɓa wani. Mai jarrabawa ya bari na ƙarasa sa'ar, sannan ya kira ni gefe cikin ladabi ya ce tsayarwar ta yi kyau, korar ta yi kyau, amma maimaitawar matuƙi ba ado ba ce, ita ce dama ta ƙarshe da nake da ita ta kama kuskure, kuma na bar ta ta wuce. Ya ce in koma wajen malami.

Abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki. Ranar Juma'a na hau mota zuwa Makka gaida Baffa, yayan mahaifina, a gidansa da ke wajen Shara Mansur. Ya ga fuskata ba daidai ba, ya ce, "Ɗan nan, lafiya kuwa? Ko wajen aikin ne?" Na ce, "A'a Baffa, wata jarrabawa ce ta kwamfuta na faɗi." Na ɗauka zai ce in bar wasan yara. Sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce in ba shi labarin dalla-dalla. Da na kai kan sunayen nan biyu masu kama, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka san jirgin Sakkwato?"

Babu Bahaushen Hijaz mai shekarunsa da bai san shi ba. Baffa a lokacin yana tafinta da ɗaukar kaya a tashar alhazai, wadda rufinta ya yi kama da tantuna, aka buɗe ta a 1981. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin DC-8 da Nigeria Airways ta yi haya daga kamfanin Nationair na Kanada ya ɗebi alhazai zai kai su Sakkwato. Tayoyi biyu suka fashe tun yana gudu a titi, aka naɗe su ciki suna ci da wuta, jirgin ya juyo bai kai titin ba ya faɗi. Mutum 261, babu wanda ya fita. Baffa ya ce da hannunsa ya ɗaura wa wata tsohuwa jarkar zamzam a daren. Allah ya jiƙansu da rahama.

Da na dawo gida na nemi bayanin binciken na karanta. A ciki na tarar da abin da ya sa gashin jikina ya tashi. Kyaftin ɗin ya kira kansa da sunan Nationair maimakon sunan Najeriya da aka san jirgin da shi a rediyo, mai kula da jiragen kuma ya ɗauka yana magana ne da wani jirgin Saudia da shi ma ya kawo ƙarar matsalar iska a cikinsa. Kusan minti 3 ana magana a karkace. Masu bincike sun ce wannan bai canza ƙarshen lamarin ba, wutar ta riga ta ci ƙarfinsu. Amma a wannan filin ne, daga wannan titin na 34 na hagu, kuma irin kuskuren kunnen da na yi ne.

Na koma akwatin gumi wata biyu. Na ɗauki wata ɗabi'a da har yau ban bari ba: idan na ba da umarni, sai in ɗage hannu daga linzami, in sa ɗan yatsa a kan sunan jirgin a allo, ba na ɗagawa sai na ji sunan ya fito daga bakin matuƙi harafi da lamba. Idan sunaye biyu sun yi kama, ina gargaɗin su duka tun suna ƙasa. Karo na biyu na ci.

Ina so a fahimce ni a nan, don ƙannenmu na yawan tambayata ko wannan takarda za ta ba su aiki a filin jirgi. Ba za ta ba su ba. S2 ko C1 ba lasisi ba ne, ba ya aiki ko'ina sai a dandalin. Lasisin gaske a ƙasar nan hukumar sufurin jiragen sama ta Saudiyya, GACA, ke bayarwa, bayan makaranta, gwajin lafiya, da Turanci mataki na 4 a ma'aunin ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya. Wanda ya ce maka akasin haka ya cuce ka. Sai dai ina jin zafin masu cewa ɓata lokaci ne. Yaron da ya zauna wata shida yana karɓar gyara daga baƙo, ya faɗi, ya dawo, ya koyi yin magana a taƙaice cikin cinkoso ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, ya samu abin da zai bi shi duk inda ya je. Ni a sito ma yanzu, idan na faɗa wa direba lambar kaya a waya, sai ya maimaita min nake kashewa.

Abin da ke damuna shi ne ƙarancinmu. Yawancin dararen da na duba taswirar dandalin, Turai a haske take fal, Dubai da Jidda suna kunne, amma Kano duhu. Matuƙi zai taso daga filin Malam Aminu Kano ba mai ce masa sannu, yana sanar da kansa shi kaɗai a mita 122.800. EuroScope kuwa ba ta buƙatar babbar kwamfuta, tsohuwar laftof da intanet mai ɗan dama sun isa.

A lokacin aikin hajjin bara wani ya kira ni daga mil goma, ya taso daga Kano, ya ratso Chadi da Sudan ya haye Bahar Maliya, fiye da sa'a huɗu yana zaune. Daga yadda ya furta lambobin na san ɗan gida ne. Na ba shi iska da izinin sauka a 34 na hagu, yatsana a kan sunansa har ya gama maimaitawa. Da ya fita daga titi na miƙa shi ga mai kula da ƙasa, sai na ƙara kalma biyu da ba sa cikin littafi, na ce sannu da zuwa. Ya ɗan yi jim, ya ce, "Yawwa, ranka ya daɗe, sannu da aiki," ya sauya mita. Yanzu ina layin S3, malami ya sa min zaman farko daren Talata ƙarfe 1900 agogon duniya, goma na dare ke nan a Jidda.