Wake da shinkafar da Katsinawa suka dafa a 2023

Kujeru 15 jihar Katsina take da su a Majalisar Wakilai ta Tarayya, uku kuma a Majalisar Dattawa. Zuwa watan Mayun 2025 duk 18 ɗin sun kasance a hannun APC. Baƙon da ya kalli jerin sunayen zai ɗauka haka mutanen jihar suka zaɓa, sak daga sama har ƙasa, kamar yadda aka yi a 2019 lokacin da Buhari shi kaɗai ya kwashi ƙuri'a sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a jihar, 'yan takarar jam'iyyarsa suka bi bayansa suka wuce. To ba haka aka yi ba ranar 25 ga Fabrairun 2023, kuma ina ganin ya kamata a riƙa tunawa, don na lura har wasu daga cikin waɗanda suka tsaya a layi ranar sun fara mantawa.

Sana'ata POS ce, ina da 'yar rumfa a nan Daura, saboda haka zaɓen nan ta wajen aljihun mutane na fara ganinsa. Lokacin ne aka canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka koma banki, sababbin suka ƙi fitowa. Sai ka ga magidanci da kuɗinsa a asusu amma ba shi da ta cefane a hannu. Mu masu POS mun sha zagi, wani da gaskiyarsa, wani kuwa haushin gwamnati ne ya rasa inda zai sauke. An ce an yi canjin ne don a hana sayen ƙuri'a. Abin da na gani da idona shi ne sayen bai tsaya ba, kaya kawai ya sauya. Taliya ta yi yawo, sabulu da atamfa suka shiga gidaje ta hannun mata, mu da ke kusa da Kwangwalam har sefa mun gani. Ana saura kwana biyu zaɓe wani yaron ɗan takara ya zo mini da takarda mai ɗauke da lambobin asusu sun cika shafi, wai a tura wa kowa dubu biyu. Muka zauna, na danna, na'ura ta yi ta juyi, sabis ya ƙi. Yana share gumi yana amsa waya yana cewa "ranka ya daɗe ana kai, ana kai." Har aka kira magariba ko rabi ba mu yi ba. Ya naɗe takardarsa ya tafi. Waɗanda kuɗin bai kai gare su ba sun je sun yi zaɓe, kuma ba wanda ya san inda suka dangwala.

Akwai kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda tun 2003 bai taɓa duba sunan ɗan takara ba. Inda Buhari yake nan yake: masara a zamanin ANPP, alƙalami a zamanin CPC, sannan tsintsiya. Daren zaɓe na je gaishe shi, na ce, "Kawu, gobe sak ne ko?" Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, Baba ya gama nasa. Takarda uku za a ba ni, kowace zan dube ta da kyau." Ban tambaye shi ƙarin bayani ba, ba a yi wa babba haka. Amma na san idan irin su Kawu suka fara duba takarda, to lissafin 'yan siyasa ya rikice.

Haka kuwa aka yi. Shi Buhari a rumfarsa ta Sarkin Yara ya ɗaga takardarsa kowa ya ga APC ya zaɓa, abin da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai. Duk da haka da aka tattara jihar gaba ɗaya, Atiku ne ya zo na ɗaya da ƙuri'a 489,045, Tinubu yana da 482,283. Tazarar ba ta kai dubu bakwai ba, amma a jihar shugaban ƙasa mai ci ce. Su waɗannan mutane da suka kayar da APC a akwatin shugaban ƙasa, a rana guda kuma a rumfa guda, sun ba ta kujerun sanata duka uku: Abdulaziz Musa 'Yar'aduwa a Katsina ta Tsakiya, Muntari Dandutse a shiyyar Funtuwa, Nasiru Sani Zangon Daura a tamu shiyyar. Da aka zo Majalisar Wakilai kuma suka sake rabawa, APC tara, PDP shida. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, suka ba Dikko Radda gwamna da tazarar da ta wuce dubu ɗari uku a kan Yakubu Lado. Wannan ba ruɗewa ba ce. Mutum ne ya riƙe takardu ya san wadda zai hukunta da ita da wadda zai saka alheri da ita.

Bari in daɗe kaɗan a kan tamu shiyyar, don ita na fi sani. Ana ce mata shiyyar Daura, amma cikin ƙananan hukumominta 12, biyar ne kawai ke ƙarƙashin masarautar Daura: Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Baure. Sauran bakwai ɗin, wato Mashi, Dutsi, Mani, Bindawa, Ingawa, Kusada da Kankiya, ƙasar Katsina ce. Ba a faɗin wannan a kan dandamalin kamfe, amma duk zaman da aka yi a zaure kan kujerar sanata, da shi ake farawa: na wane ɓangare ne, kuma su wa suka yi na baya? Hadi Sirika daga Dutsi yake. Marigayi Mustapha Bukar na Daura ne. Da ya rasu a 2018 aka yi zaɓen cike gurbi wanda har yau ake labarinsa, domin Ahmad Babba Kaita na APC da ɗan'uwansa Kabir Babba Kaita na PDP ne suka kara, 'yan gida ɗaya daga Kankiya, Ahmad ya ci. Ya sake ci a 2019. Sai a 2022 ya bar APC ya koma PDP, yana sanatan mazaɓar shugaban ƙasa.

Ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suke ganin Babba Kaita ya yi aiki, musamman wajen samar wa matasa guraben aiki da karatu, kuma a shagona na sha jin haka daga bakin mutanen da ba 'yan garinsu ba. Amma ya tarar da Nasiru, wanda ya daɗe yana wakiltar Zango da Baure a Majalisar Wakilai, ga sunan gida, ga gwamnatin jiha a bayansa, ga kuma mutanen ƙasar Daura da suke ganin lokaci ya yi da kujerar za ta dawo wajensu. Dubi yadda kujerun wakilai biyar na shiyyar suka faɗi ka ga hoton. Biyun da ke ƙasar Daura duk APC ta riƙe. Biyun da PDP ta ci, Mashi da Dutsi da kuma Kankiya, Kusada da Ingawa, duk a ɗaya ɓangaren suke.

A nan mazaɓarmu ta Daura, Sandamu da Mai'aduwa kuwa, ainihin zaɓen tun a 2022 aka gama shi. Fatuhu Muhammad, ɗan ɗan'uwan Buhari, shi ne a kan kujerar tun 2019, amma ya faɗi zaɓen fid da gwani a hannun Aminu Jamo, daga baya ya fice daga jam'iyyar. Mutane da yawa sun yi mamaki a ce jinin shugaban ƙasa ya rasa tikiti a Daura. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne su wa suka yanke hukuncin. Daliget ne, biyar daga kowace mazaɓar kansila, mutum ɗari da wani abu a ɗaki guda. Mu dubban da muka yi layi a watan Fabrairu, abin da suka tace shi muka tarar a takarda. Duk wanda ya zauna kusa da daliget a makon fid da gwani ya san yadda wayarsa ke ƙara da yadda ake sallama a ƙofar gidansa.

Yanzu ga inda labarin ya juya. Mutum shida PDP ta kai Abuja: Aminu Chindo daga cikin birnin Katsina, Salisu Yusuf Majigiri daga Mashi da Dutsi, Abdullahi Balarabe Dabai daga Bakori da Danja, Aliyu Iliyasu daga Batsari, Safana da Ɗanmusa, Jamilu Muhammad daga Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, sai Isma'il Dalha Kusada daga Kankiya, Kusada da Ingawa. Ka lura da sunayen garuruwan nan. Batsari, Safana, Ɗanmusa, Faskari, Ƙanƙara, Sabuwa: yankin da 'yan bindiga suka hana noma, suka tashi ƙauyuka, inda aka kwashe ɗaliban makarantar sakandare a Ƙanƙara a Disambar 2020. Mutanen nan ba su buƙaci wani ya yi musu bayanin dalilin da zai sa su juya wa jam'iyya mai mulki baya.

Uku daga cikin kujerun ta hanyar shari'a suka tafi. A ƙarar zaɓen 'yan majalisa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ce ƙarshe, ba a zuwa Kotun Ƙoli, don haka abin bai ɗauki shekara ba. Kujerar birnin Katsina ta koma hannun Sani Aliyu Ɗanlami na APC. A sauran biyun, ta Kankiya da ta Faskari, aka ce a sake zaɓe a wasu rumfuna, aka yi a watan Fabrairun 2024, Abubakar Yahaya Kusada da Shehu Dalhatu Tafoki suka karɓa, dukansu APC. Ba na cewa alƙalai sun yi zalunci, ban karanta takardun shari'ar ba kuma ba aikina ba ne. Amma duk wanda ya taɓa ganin zaɓen da aka sake a rumfuna ƙalilan ya san irinsa. Ranar babban zaɓe hankalin manya a rabe yake, kowa yana tsaron gidansa. Ranar da aka ce rumfa goma ko ashirin ce za ta yanke, to kwamishinoni da ciyamomi da motoci da jakunkuna duk a ƙauye ɗaya za su sauka, kuma a 2024 takardar kuɗi ta dawo hannu.

Sauran ukun ba kotu ba ce ta taɓa su, da ƙafarsu suka tafi. A watan Mayun 2025 aka karanta wasiƙunsu a zauren majalisa, Majigiri da Dabai da Iliyasu, cewa sun koma APC, gwamna Radda ma yana wajen. Majigiri kuwa shi ne shugaban PDP na jiha na tsawon shekaru kafin ya tsaya takara. Sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. To wace jam'iyya ce a Najeriya za a rasa rikicin da za a nuna a cikinta? Ta wannan ƙofar kowa ke fita, kuma ta nan Babba Kaita ya bi a 2022 zuwa ɗaya ɓangaren, don kada a ce gefe guda nake duka. Magoya bayansu suna cewa ɗan adawa ba ya samo wa mazaɓarsa aiki, gara ya shiga inda ake rabo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai ba wanda ya koma Batsari ko Danja ya tara waɗanda suka dangwala wa lema ya tambaye su ko sun yarda.

Wannan ba sabon abu ba ne a jihar nan. A 2011, da guguwar CPC ta taso, jam'iyyar ta rabu tsakanin ɓangaren Aminu Masari da na Yakubu Lado, kowa da jerin 'yan takararsa. Mutane suka dangwala wa alƙalami ba su san takamaimai wa suka zaɓa ba. Aka rantsar da wasu, suka zauna a majalisa watanni, sannan bayan hukuncin Kotun Ƙoli aka karɓe takardun shaidarsu aka ba wasu: sanatoci biyu da 'yan Majalisar Wakilai takwas. Ta haka Hadi Sirika da Abubakar Sadiq 'Yar'aduwa suka shiga Majalisar Dattawa. Bambancin shi ne a 2011 mutane jam'iyya suka zaɓa, lauyoyi suka cike sunaye. A 2023 kuwa mutane sun zauna sun tantance mutum-mutum, kujera-kujera, duk da haka cikin shekara biyu da 'yan watanni sakamakon ya koma kamar ba su yi ba.

Abokan hirata a rumfa sun kasu biyu a kan wannan. Wasu sun ce sun gama, ba za su ƙara shan rana a layi ba. Wasu, har da wani tela maƙwabcina da ya yi ejan a 2023, suna cewa kuskuren shi ne barin zaɓen fid da gwani a hannun mutum biyar-biyar, don haka shi yanzu katin jam'iyya ya yanka, yana zuwa taron mazaɓa, yana so a san da shi ranar da za a zaɓi daliget. Na fi karkata ga tela, ko da yake na san yadda ake rubuta sunayen daliget a gidan wani babba kafin a kira taro. Buhari ya rasu a watan Yulin 2025, an binne shi a gidansa a nan Daura, babu sauran wanda zai ɗaga hannun ɗan takara a ce an gama. Duk mai son kujerar sanatan shiyyar nan ko ta wakilai a 2027 sai ya bi Kawu da irinsa gida-gida, kuma tambayar farko da na ji mutane sun fara shiryawa ita ce: in mun zaɓe ka a wannan jam'iyya, a cikinta za ka gama shekara huɗun?