Hondar Baba da fentin da fetur ya wanke

Babur ɗin Honda ne, CD175, wanda mutanen wancan zamani suke kira Benli. Baba ya saye shi a 1975 da kuɗin Udoji, lokacin da ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashi da ariyas a dunƙule, wani ya sayi abin hawa, wani rediyo, wani kuma ya ƙara aure. Ya hau shi har ya yi ritaya. Daga nan aka jingine shi a zaure, aka lulluɓa masa tsohuwar tabarma, kaji suka mayar da ƙarƙashinsa wurin saka ƙwai. Bara na ce sai na tayar da shi. Injin na bar wa bakanike, don na san iyakata. Jikin ne na ce ni zan yi da hannuna a tsakar gida, saboda na kalli bidiyo biyu-uku a YouTube. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Na kwance tanki, madigad na gaba da na baya, da murfin gefe guda biyu. Notina kuwa duk na zuba su a kwano ɗaya, abin da ya jawo mini yini guda na lalube ranar mayarwa.

Tankin ne babban aiki. Ya lotsa a gefen hagu, lotsawar ta kai faɗin tafin hannu, ciki duk tsatsa, ga wata 'yar huda a ƙasa da na gano bayan na zuba fetur kaɗan don gwaji. Na ɗauke shi sai wajen wani dattijo mai walda a Ƙofar Ruwa. Ya buɗe murfin, ya shinshina, ya dube ni.

"Malam, ka wanke shi?"

Na ce ai na juye man tas.

"Ba man ne ke kashe mai walda ba, tururinsa ne. Tankin da ba komai a ciki ya fi cikakke haɗari."

Sau uku ya sa yaronsa ya wanke shi da ruwa da omo, sannan ya cika shi da ruwa har kusa da hudar kafin ya kunna wuta ya toshe ta da tagulla. Shi ne kuma ya hana ni abin da na yi niyya, wato in cike lotsawar da fila kawai, kwaɓin nan da ake shafa wa ƙarfe don daidaita shi kafin fenti. Ya ce fila ba ƙasar cike rami ba ce, idan ta yi kauri girgizar hanya za ta tsaga ta, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci ƙarfen ta ƙasa ba ka sani ba. Ya liƙa 'yan ƙananan zobban ƙarfe a tsakiyar lotsawar, ya riƙa ja yana bubbuga gefe da ƙaramar guduma har ƙarfen ya kusa dawowa daidai. Abin da ya rage bai fi kaurin kwali ba.

Tsatsar ciki ni na yi maganinta a gida: cikin hannu na notina da kananzir, na yi ta girgizawa har kafaɗata ta riƙe, sannan binega ta kwana biyu a ciki. Da an ɗauraye sai a busar nan take a shafe cikin da ɗan mai, in ba haka ba kafin la'asar ja ya dawo.

Da na fara gurza da samfefa mai lamba 80, sai tarihin babur ɗin ya fara fitowa. A sama shuɗin fenti ne, irin na ƙofa da taga, wanda wani ya shafa da buroshi shekaru da yawa baya. A ƙarƙashinsa jan kamfani. Tankin na gurje shi har farin ƙarfe, amma da na zo kan madigad na gaji, na ɗan goge sama-sama na fesa faraima, wato shafin farko da ake yi kafin kala. Ko minti biyar ba a yi ba wurin ya yamutse, ya tattare kamar fatar ƙadangare. Tinar da ke cikin sabon fenti ce ta narkar da tsohon fentin mai. Dole na jira ya bushe, na kankare duka, na koma farko. Gajiyar da na gudar wa ta awa biyu, na biya ta da kwana biyu.

Fila ma ta ba ni kunya. Ana kwaɓa ta da hadina, sinadarin da ke sa ta daskare, misalin ƙwayar wake a kan fila mai girman ƙwan kaza. Na kwaɓa da yawa da tsakar rana, ina cikin gyara tsayuwa ta daskare a kan katakon, ko rabi ban shafa ba. Kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa, a inuwa. Wajen gogewa kuma kada a riƙe samfefa da yatsu, domin yatsu suna bin rami su ƙara masa zurfi. A naɗe ta a jikin katako mai baje, a fara da 80, a koma 180, sai 320. Ido yana yin ƙarya a wannan aiki. Na koyi rufe ido in shafa da tafin hannu, duk inda tudu ko kwari yake hannu zai faɗa. Akwai kuma dabarar fesa baƙin fenti sama-sama a kan faraima sannan a goge, inda baƙin ya maƙale, nan ne kwari.

Kuskurena mafi girma na lokaci ne. A Disamba na yi feshin, cikin hunturu, a Kano. Shafin farko ya yi kyau har na kira matata ta gani, kafin ta fito daga kicin ƙura ta sauka a kai, ya zama kamar an barbaɗa masa gari. Daga baya na ɗaura tsohon gidan sauro, na kewaye shi da leda, na yayyafa wa ƙasa ruwa, na koma yin feshi da sassafe bayan asuba, kafin mata su fara shara. Gwangwanin feshi ana riƙe shi taƙin hannu ɗaya daga ƙarfe, hannu na tafiya ba tsayawa, shafi siriri, a jira minti goma, a sake. Duk inda na yi zalama na tsaya don ya yi sheƙi, fentin sai ya yi hawaye ya gangaro.

Bayan mako guda na ɗaura komai, babur ya yi ja jawur, yaran unguwa suna bina a guje. Na shiga gidan mai. Yaron da ke zubawa ya zare bututun, ɗigo uku ko huɗu suka sauka a gefen tanki. Na sa tsumma na share, sai ga jan fenti a jikin tsumman, ga faraima tana leƙowa. Ban ma iya yi masa faɗa ba, don laifin ba nasa ba ne. Fentin gwangwani na yau da kullum ba shi da hadina, bushewa kawai yake yi, fetur kuwa yana narkar da shi. Tankin mai sai an rufe shi da kiliya, wato shafin ƙarshe marar launi, mai haɗi biyu, wadda masu fenti ke kira tu-ke. Ita kuma hadinarta guba ce ga huhu, takunkumin yadi ba ya tare ta, ba abin fesawa ba ce a gidan da yara ke rarrafe. Na sake goge tankin da samfefa mai lamba 600 da ruwa, na kai wa mai fentin mota da ke da kwamfiresa ya fesa kalar da kiliyar.

Ranar da na turo shi ƙofar ɗakin Baba, ya fito da sandarsa, ya zagaya shi sau biyu, ya shafa tankin daidai inda lotsawar take a da.

"Allah ya yi maka albarka. Amma jan nawa ya fi wannan duhu."

Na ce Baba shekara hamsin fa, ko dai mantuwa ce. Bai ce komai ba, ya sa na ɓalle murfin gefe, ya juya cikinsa. A can, inda rana ba ta taɓa gani ba kuma samfefata ba ta kai ba, ga jan kamfani nan mai duhu, kamar ruwan zoɓo. Da wannan murfin na kai wa mai haɗa fenti tun farko, da ya haɗa mini irinsa sak. Yanzu yana rataye a ƙusa a ɗakina, ina jiran iskar hunturu ta kwanta.