Na sa kuɗi a harkar waya da 5G: abin da na gani

Da farko niyyata in sayi hannun jarin kamfanin da ke ƙera wayar da mutanenmu suka fi riƙewa. Duk wanda ya san kasuwar Farm Centre a Kano ya san Tecno da Infinix da Itel ne suka cika shaguna, kuma duka ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Sin. Da na tuntuɓi dillalina sai ya ce, "Alhaji, ai a kasuwar Shanghai ake cinikin hannun jarinsu tun 2019, mai ƙaramin jari daga nan ba ya kai hannu can kai tsaye." Huawei kuwa ba ya cikin kasuwar hannun jari ko ɗaya. Apple ana samunsa ta manhajojin da ke sayo hannun jarin Amurka, na ɗan taɓa kaɗan, na bar shi yana kwance.

Sai na juyo gida. A Disamba 2021 MTN Najeriya ya fito da hannun jari miliyan 575 ga jama'a a kan naira 169 kowane ɗaya, mafi ƙaranci mutum ya sayi 20. A watan ne kuma hukumar kula da sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin 5G, wato sabuwar fasahar intanet mai sauri ta waya, MTN da kamfanin Mafab suka samu, kowanne a kan dala miliyan 273.6. Lissafina mai sauƙi ne: ko wace irin waya mutum ya riƙe, sai ya sa mata data. Na sayi hannun jarin MTN.

Abin ya fara da daɗi, rabon riba yana shigowa asusun banki, kuma a 2022 aka kunna 5G a wasu birane, har da Kano da Maiduguri. Sai ga Yuni 2023, gwamnati ta sakar wa kasuwa farashin naira. Dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. A nan na fahimci yadda wannan sana'a take. Kamfanin sadarwa da naira yake karɓar kuɗin kati da na data, amma na'urorin da yake ɗorawa a kan turakun sadarwa daga waje ake sayo su, kuɗin hayar turakun ma wani ɓangarensa da dala aka ƙulla shi, ga dizal na janareta. Masu amfani da layi ba su ragu ba, cinikin data ma ƙaruwa ya yi, duk da haka kamfanin ya bayyana asarar kusan naira biliyan 137 a 2023, da kusan biliyan 400 a 2024. Rabon riba ya tsaya. Kamar ɗan kasuwar da shagonsa ke cike da masu saye, amma bashin kayan da ya ɗauko ya ninka a dare ɗaya.

Wani abokina ya ce da masu ƙera na'urorin turakun muka bi, da mun tsira. Ban yarda ba. Ericsson na Suwidin da Nokia na Finlan su ne manya a wannan fanni a Turai, kuma a 2023 duka biyun suka sanar da rage dubban ma'aikata, domin kamfanonin sadarwa na Amurka sun rage sayen kayan 5G bayan sun gama zangon farko na aikin. Wanda ya fi burge ni a tsarinsa shi ne kamfanin Qualcomm na Amurka, wanda ke karɓar kuɗin haƙƙin fasaha daga masu ƙera waya ko da sunan wa aka buga a bayanta.

Ban sayar da nawa ba. A 2024 MTN ya sake zama da IHS, kamfanin da ke ba shi hayar turaku, kan yarjejeniyar hayar, aka rage kason da ke bin dala, a Janairu 2025 kuma NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. A matsayina na mai sayen data abin ya yi mini zafi, a matsayina na mai hannun jari kuwa shi ya taimaka kamfanin ya koma cin riba a 2025. Yanzu in rahoton wata uku ya fito, kafin in duba yawan masu layi ko biranen da 5G ya kai, shafin da ke nuna bashin kuɗin waje da kuɗin haya nake fara buɗewa.