Turancin majalisa ba shi cin jarabawa

Ƙannena maza, da ku nike musamman, amma 'yan mata ku tsaya, akwai naku a ƙasa.

A nan Sakkwato namiji ba a aji yake tsintar yawancin turancinshi ba, a gidan kallon ƙwallo ne da teburin mai shayi da bakin 'yan bautar ƙasa da anka turo daga sansanin Wamakko. Su "how far", "abeg", "wetin dey", sai kuma na waya, "u", "pls", "gonna". In ka yi shi kai ne wayayye. In ko ka yi jimla cikakkiya sai abokai su ce iyayi, wai turancin mata kake. Mu ma haka munka yi, ni har ba'a na riƙa yi ma 'yan matan ajinmu don suna rubuta saƙon waya da waƙafi da aya kamar masu rubuta ma firinsifal.

To ranar WAEC ce ta tona min asiri. Wasiƙar neman aiki anka ce a rubuta, hannu ya riga ya saba, wallahi sai da na fito ina tuna inda na sa "u" da "bcos", ban samu kiredit ba, kuma kun san babu kiredit a turanci ba maganar shiga jami'ar Danfodiyo, sai zaman gida da sake biyan kuɗin NECO, alhali waɗanda nike ma dariya har sun yi rijista.

Abin ba a nan kaɗai yake ba fa. Wani masanin harshe, Peter Trudgill, ya yi bincike a garin Norwich na Ingila wanda ya fito a 1974, ya tarar mata sun fi maza riƙe daidaitaccen furuci. Abin da ya fi ba ni dariya, da anka tambaye su yadda suke magana, maza da yawa sai sunka ce sun fi yin na kan titi fiye da yadda suke yi a zahiri, wato su ma can ɓata harshe mazantaka ne. Turawa ke nan da harshen uwarsu, sun iya mai kyau in sun so. Mu ko da muke koyo, mun ɗauki na titi ba mu riƙe na takarda ba.

Ban ce ku bar burokin ba, wato Pidgin irin su "abeg" da "wetin dey", harshe ne mai zaman kanshi, BBC ma ta buɗe mashi sashe a 2017, kuma in kana ciniki da ɗan kudu a babbar kasuwa shi zai fisshe ka. Amma saƙo ga malami ko imel na neman aiki, rubuta kowace kalma cikakkiya, har a WhatsApp ɗin, don abin da yatsa ta saba shi take yi ranar jarabawa.

Ku kuma ƙannena mata, na lura rubutunku ya fi namu tsabta amma baki ne ba ku buɗewa, tsoron kuskure da kada a ce kin cika rawar kai. Sai a zo intabiyu namijin da turancinshi duk a karye ya yi ta zuba, ke da kin fi shi sani kina sunkuyar da kai. Ki samu ƙawa ku riƙa yin hira da turanci ko a saƙon murya ne, kuma ki koyi 'yan kalmomin hira, don turancin littafi zalla a wurin bautar ƙasa sai a ɗauka faɗa kike.